Makirufo Uku a Gaban Akwatin Kawu

Tana durƙushe a gaban amfilifayar, akwatin da ke ƙara wa jita sauti, tana haska yadin da ya rufe fuskar akwatin da tocilar wayarta don ta gano inda cibiyar lasifikar take, sai ta ji takun Furodusa ya tsaya a bayanta. Ba ta waiwaya ba. Ta ɗora yatsa a kan cibiyar, ta ja shi gefe kaɗan, ta manna guntun salatif a wurin.

Furodusa ya ce ɓata lokaci take yi. Jiya an gwada, kowa ya ji abin da ya fito, kuma shi waƙa ya zo yi, ba gidan ajiye kayan tarihi ya zo buɗewa ba. Ta ce masa ta ji, ya ɗan matsa, ya tare mata haske.

Injiniya kowa ke kiranta a situdiyon. Da tsiya aka laƙaba mata sunan shekara shida da suka wuce, lokacin da aikinta bai wuce naɗe wayoyi ba. Masu tsiyar sun watse, sunan ya zauna, kujerar gaban na'urar haɗa sauti ta zama tata. Jiya ne kawai ba ta zo ba, ta kai mahaifiyarta asibitin ido. Furodusa, wanda ya kawo wata sabuwar mawaƙiya ta yi kundin waƙoƙinta na farko, ya ga ba sai an jira ta ba. Ya buɗe jakarsa mai shimfiɗar soso, ya fito da makirufonsa, ƙato, fari yana ta walƙiya, irin wanda ake kafa wa manyan mawaƙa. Ya manna shi da yadin akwatin, saitin cibiya sak, ya ce mai jita ya kaɗa. Da aka kunna abin da aka ɗauka, sai ka rantse rina aka tara a gwangwani aka girgiza. Nan take Furodusa ya yanke hukunci: hannun tsohon ya mutu, akwatinsa ya mutu, za a cire shi daga kundin a sa jitar cikin kwamfuta.

Mai jitar kuwa kawunta ne, ƙanen mahaifiyarta, ciki ɗaya. Ya fi shekara talatin yana kaɗa jitar lantarki, kuma da wannan akwatin ya yi yawancinsu. Da yamma ya zo duba yayarsa, aka kawo masa shayi ya bar shi ya huce. Sai da Injiniya ta raka shi bakin ƙofa ya tambaye ta, yana kallon takalminsa, ko dai kunnensa ne ya fara tafiya, shi yana jin daɗi alhali mutane hayaniya suke ji. Ba ta taɓa jin ya yi magana da wannan muryar ba. Ta ce masa gobe ya zo da wuri, kuma kada ya taɓa ko maɓalli ɗaya a jikin akwatin.

Da safe ta nemi awa ɗaya a wurin Manaja. Ya ba ta minti arba'in, ya kuma tuna mata cewa rabin aikin da situdiyon ke samu ta hannun Furodusa yake zuwa.

Yanzu Kawu na zaune a kan kujerar roba, jitar a cinyarsa, kamar mai jiran sakamakon likita. Mawaƙiya na can bayan gilashi, a ɗakin na'ura, ta rungume jakarta. Ita ta roƙa a nemo mata Kawu tun farko, don da kiɗansa ta tashi, amma tun jiya ba ta ce uffan ba.

Injiniya ta ɗauko makirufo na farko daga aljihun tebur. Ƙarami ne, baƙi, fentinsa ya goge, kansa ya lotsa tun ranar da wani mai ganga ya kai masa sanda. Irinsa ba ya tsoron ƙara. Ko a bakin injin niƙa aka kafa shi ba zai girgiza ba. Ta kafa shi saitin salatif ɗin, ta auna tazarar yatsa biyu daga yadin, ta ɗan karkata kansa. Furodusa ya yi dariya, ya ce ko mai tallan magani a tasha ya wuce riƙe wannan.

Na biyun a cikin akwatin katako yake kwance, ta fito da shi da hannu biyu. A cikinsa akwai wani zirin ƙarfe da bai kai ɓawon albasa kauri ba, shi ke jin sauti, kuma muryarsa taushi gare ta. Ta kafa shi taƙi ɗaya daga akwatin. Tana juyawa ɗaukar waya, Furodusa ya sunkuya, ya cika kumatunsa zai hura a ciki don ya ji ko yana aiki. Ta sa tafin hannunta tsakanin bakinsa da makirufon, iskar ta sauka a hannunta.

"Yallaɓai, wannan ba a hura masa iska. Hurawa ɗaya zirin zai tsinke."

Ya miƙe, ya ce shi za ta koya wa makirufo? Ta ce a'a, wannan ɗaya kawai. Sannan ta miƙa hannu ta ce ya ba ta nasa.

Ya miƙa mata, ko da yake bai zata za ta sa shi cikin gwajin ba. Ta ce makirufonsa ba shi da laifi, kunne ne da shi kamar na uwar jariri, komai ƙanƙantar motsi yana ji. Shi ya sa ba a cusa shi a bakin lasifika. Nesa ake ba shi, ya ji akwatin ya ji ɗakin. Ta ja shi baya kamu biyu, ta ɗaga shi daidai ƙirji, ta je ta kashe na'urar sanyaya ɗaki don kada ya kwashi gurnaninta. Ta yi masa hidimar da ta yi wa nata, har ma fiye.

Ta bayyana musu yadda za a yi. Kawu zai kaɗa baiti ɗaya, sau ɗaya, makirufo ukun su ɗauka a tare, kowanne a layinsa, don kada wani ya ce a nan ya fi dagewa. Za ta daidaita ƙarfinsu, saboda kunne duk wanda ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi kyau. Ta cakuɗa jerinsu, ta rubuta wanne ne ɗaya, wanne ne biyu, wanne ne uku, ta ninke takardar ta ba Manaja ya sa a aljihu.

Suka koma ɗakin na'ura, aka bar Kawu shi kaɗai. Ta danna maɓallin magana ta ce ya kaɗa kamar yadda ya saba, kada ya yi wa kowa kara. Ya gyara abin sauraron da ke kunnensa, ya murza ƙarar jitar. Da farko yatsunsa sun yi sanyi, kamar mai tafiya a kan santsi. Da gangar da aka riga aka ɗauka ta shigo masa a kunne sai kafaɗarsa ta sauka, ya ja tsirkiya ɗaya ya riƙe ta, akwatin ya yi wannan gurnanin nasa mai ɗan kaushi, har gilashin da ke tsakaninsu ya amsa.

Ta kira shi ya shigo. Ɗakin ya yi zafi tunda an kashe sanyi, mutum biyar a tsaye da zaune, kowa na gumi. Ta kunna na ɗaya. Sautin ya fito a buɗe, tas, ana jin har gogar yatsa a kan tsirkiya. Kafin ta kai ga na biyu Furodusa ya buga tebur ya ce wannan nasa ne, ko a barci zai gane shi. Ya ce a ji tsabta, a ji faɗi, haka ake son jita ta fito a waƙar zamani. Manaja ya leƙa takardar ya gyaɗa kai.

Injiniya ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Gaskiyarka, naka ne. Ya yi kyau ko?"

"Ke ma kin ji."

"To tsohon jiya ne, da akwatin jiya, da jitar jiya. Ban canja masa ko tsirkiya ba."

Kawu ya zaro hankici ya goge wuyansa, ya ce a hankali, kamar da bango yake, ashe gawa ma tana kaɗa jita. Mawaƙiya ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa.

Aka ji na biyu, mai lotsattsen kai: bai kai na ɗaya faɗi ba, amma a dunƙule yake, yana tsaye a gaba. Aka ji na uku, mai zirin nan, sai Kawu ya lumshe ido. Ya ce wannan shi ne shi, haka yake jin kansa tun yana da gashi baƙi, a ba shi wannan a rufe magana.

Ta ce ba a rufe ba tukuna, don ba jita kaɗai za a sayar wa mutane ba. Ta ɗago ganga da sauran kayan kiɗa, ta ɗago muryar Mawaƙiya, ta sake bi da su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaya, da yake shi kaɗai ya yi kyau, yanzu sai ya hau kan muryar, suna ƙwace wuri ɗaya, ƙarshen kalmominta na ɓacewa cikin ƙyallinsa. Na uku ya nutse ƙarƙashin ganga, sai an kasa kunne ake jin sa. Na biyu ya samu gurbinsa ƙasa da muryar kaɗan ya zauna, in ta ja numfashi ya amsa mata, in ta dawo ya kauce.

Furodusa ya ji, ta ga ya ji, don ƙafarsa ta bi kiɗan kafin ya tuna ya tsayar da ita. Amma ya ce tunda tsohon zai zauna, to ya zauna, sai dai da makirufonsa za a ɗauka. Ba zai sa sunansa a kundin da aka yi da kayan bola ba. Ya ƙara da cewa duk wannan wasan kwaikwayon don kawunta ne ta shirya shi.

Ta ce da don kawunta ne, da na uku ta zaɓa, ga Kawun nan zaune yana hararar ta.

Manaja ya matso kusa da kunnenta ya ce ta yi haƙuri ta sa na ɗayan, ai ita ma ta ce ya yi kyau, daga baya ta rage masa kaifi ba wanda zai sani. Ta san za ta iya. Za ta yini tana yanke-yanke, a ƙarshe jitar ta fito ba ta Furodusa ba, ba ta Kawu ba, kuma muryar yarinyar ta sha wuya a banza. Ta miƙe tsaye, ta juya kujerar ta fuskanci Manaja.

"Ranka ya daɗe, ga kujera. Duk wanda zai ɗauka da na ɗaya ya zauna. Ni in na zauna, da na biyu zan ɗauka."

Ba wanda ya zauna a kujerar. Manaja bai san ko maɓallin kunna na'urar ba, Furodusa kuma ya riga ya gwada jiya. Can sai Mawaƙiya ta ajiye jakarta a ƙasa. Ba ta kalli kowa ba sai Furodusa. Ta ce tana girmama shi, kuma ba ta manta shi ya kawo ta ba, amma a na biyu ne kaɗai ta ji abin da take faɗa a waƙar, kuma ita za ta tsaya gaban mutane ta rera ta.

Furodusa ya shiga ɗakin ɗauka da kansa, ya kwance makirufonsa, ya kwantar da shi a soso, ya rufe jakar. Da zai fita ya gaya wa Manaja cewa akwai situdiyo da yawa a garin, kuma sauran mawaƙansa uku sun san hanya. Manaja ya bi shi da sauri. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Injiniya ta same shi a ofis yanzun nan. Ta ce in ta gama waƙar za ta zo, saura baiti uku.

Ƙofar ta rufe. Injiniya ta shiga ta mayar da mai zirin cikin akwatinsa, Kawu na bin sa da ido yana gunaguni, wai ya goya ta a kafaɗa tana ƙarama, yau ga sakayya. Ta bar mai lotsattsen kai shi kaɗai a gaban amfilifayar, ta koma kujerarta, ta ce a ɗauka daga farko.

Kawu ya shiga da ƙarfinsa, yana kaɗawa yana murmushi. Bai kai rabin baiti ba ta tsayar da kiɗan, ta danna maɓallin magana.

"Kawu, tsirkiyarka ta uku ta sauka."

Ya ɗago kai ya ce shekara talatin ba wanda ya taɓa gaya masa haka. Ta ce to yau an gaya masa. Ya harare ta ta cikin gilashin, ya taɓa tsirkiyar, ya karkata kunne. Sai ya yi tsaki, ya kai hannu ya fara murɗa ta.