Takardu Huɗu, Mataki Ɗaya

Ranar Litinin ce, tun asuba ake yayyafi, irin ruwan nan da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa. Auta ya taka kujera ya sauke takardun shaidarsa huɗu daga bangon falo. Inna ce ta sa aka yi musu firam, kuma duk wadda ya samo sai ta rataye ta a saman ta baya, har ta ƙarshen ta kusa taɓa silin. Ta walda a ƙasa, sai ta gyaran famfo, sai ta wayarin, sai ta gyaran firij.

Sakandare dai tun a aji biyu ya yi mata sallama, don zama wuri ɗaya ba ya cikin jininsa. Cibiyar koyon sana'a ce ta dace da shi. Da ya gama kwas ɗaya sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi, ya faɗa wani. Yanzu kuwa difloma yake so a babbar kwaleji, har ranar Asabar ya ajiye aikinsa a shagon gyaran firij.

"Injiniya zan dawo, Maigida," ya ce.

"Allah ya ba da sa'a," in ji Maigida. "Sifanata dai ka ajiye kafin ka zama injiniyan."

A ofishin rajista ya tarar da layi, kowa da 'yar takardarsa a ambulan, shi kaɗai ke rungume da firam a cikin leda. Da aka zo kansa, malamar rajista ta gyara tabarau, ta jera su gefe da gefe a kan tebur.

"Ƙanena, ina ta mataki na uku?"

"Ai na wuce nan, Anti. Huɗu ne, ƙirga ki gani."

"Na gani. Duba ƙasan kowacce. Mataki na biyu, mataki na biyu, na biyu, na biyu."

Auta ya duba. Rubutun na nan kuwa, ƙanana kusa da hatimi. Bai taɓa kula da shi ba.

"To ai shi ke nan, a haɗa mana. Biyu sau huɗu nawa ke nan?"

Wani mai jiran layi ya tuntsire da dariya. "Takwas! Malama, ku ba shi kujerar shugaban kwalejin kawai."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta taso ta kai shi bakin matakalar bene da ke baranda.

"Hau na biyu. Yawwa. Matsa dama. Ƙara matsawa. Ka yi tafiya?"

"Na yi."

"Ka hau?"

Auta ya dubi ƙafafunsa, kafaɗarsa ta riga ta manne da bango.

Ta ce difloma daga mataki na huɗu take farawa, sai mai na uku ake ɗauka. Na uku kuwa ko dai ya zaɓi sana'a ɗaya cikin huɗun ya zurfafa a kanta shekara guda, ko ya koma ya rubuta jarrabawar gama sakandare, don ita ma daidai take da na uku.

"Tsaya, Anti. Yaron da bai taɓa riƙe waya mai wuta ba, don ya gama sakandare ya fi ni?"

"Bai fi ka ba. Ya fi ka mataki."

"Mene ne bambancin?"

Mai dariyar nan ya sa baki, ya ce shi a inda ya yi karatu takardarsa mataki na biyar ce, da ya kawo ta nan aka ce na uku. Kan Auta ya ƙara ɗaurewa. Ashe matakalar ma ba iri ɗaya ba ce, kowa da tasa.

"To a rubuta ni a na ukun," ya ce.

"Ba mu muke yi ba, cibiyarku ce. Kuma na ji sun rufe ɗauka makon jiya. Sai baɗi."

Bai nufi gida ba, shago ya wuce a cikin ruwan. Daga nesa ya hango wani sabon yaro ya duƙa a bayan firij da sifanar nan a hannu. Maigida ya ɗago kai.

"A'a, Injiniya! Har an tashi daga lacca?"

Auta ya gaishe shi, ya ce wucewa yake yi. Wajen juyawa ledar ta daki ƙofar ƙarfe, ya ji ƙas.

A gida Inna na tsintar shinkafa a faranti. Ta tambaye shi aji nawa aka sa shi. Ya ce bari ya zo. Ya ɗauko guduma ya zare ƙusoshin sama, ya buga su a jere, ya rataye takardun kafaɗa da kafaɗa.

"Kai Auta, me ya sa ka kwantar min da tsanina?"

"Haka suke, Inna."

"In ji wa? Ta firij ba ta fi ta walda ba?"

"Ba ta fi ta ba."

"To wahalar me ka sha?"

Ya zauna a hannun kujera yana kallon bangon. Har yanzu ya kasa gane yadda mutum zai iya sana'a huɗu a ce yana nan inda ya fara. Amma gobe zai je cibiya ya tambayi ranar buɗewa, kuma dole ya zaɓi ɗaya ya zauna a kanta, abin da bai taɓa yi ba.

Ya lissafa abin da ya tafi: kwas uku da ba su ɗaga shi ko taku ɗaya ba, shekara guda ta jira, aikin shago, da gilashin firam ɗin walda. A bango kuma ramukan ƙusa uku, suna hawa sama babu komai a jikinsu.