Hular Ɗan Fari

Saura mako guda Ƙaramar Sallah aka bai wa yara hutun makaranta, a ranar kuma Maryam ta tafi Wudil jinyar mahaifiyarta. Ta bar wa mijinta Ado yaransu biyu, Abba da ƙanwarsa Bahijja, ga kuma Inna, tsohuwarsa, wadda ciwon gwiwa ya hana ta tsayuwa gaban murhu.

Ado mai wankin hula ne a Jakara, kuma duk shekara ba shi da makon da ya kai wannan cinkoso. Huluna sun cika rumfa, kowa na son tasa kafin Idi. Sai ga shi shi ne mai dama kunun buɗa-baki, shi ne mai sintiri wurin tela, shi ne mai kai Bahijja gidan kitso a Madabo, ya tsaya a zaure yana jiyo ihunta, sannan ya koma rumfa da gudu ya tarar sitati ya bushe a roba.

Duk wannan bai dame shi ba. Zuwan Anas ne ya dame shi.

Abba ɗan fari ne, kuma sunan marigayi mahaifin Ado, Mamman, aka sa masa. Kunya biyu ke nan. Ado bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunansa ba, ko Abban ma ba ya iya faɗa. Sai dai ya ce "kai" ko "yaron nan". Haka mahaifinsa ya yi masa, bai kuma taɓa ganin aibun abin ba. Sau biyu kawai a shekara suke jerawa tare: safiyar Idin Ƙaramar Sallah da ta Babba, shi a gaba, yaron a baya riƙe da darduma. Ado bai taɓa gaya wa kowa yadda yake jiran wannan tafiya ba.

Anas ƙaninsa ne, yana aiki a Abuja, kuma babu wata kunya tsakaninsa da ɗan wansa. Yana ajiye mota a bakin lungu ya fara ƙwala kira.

"Babana! Ina tsohon yake? Kai, shekara goma ba gemu? Wane irin uba ne wannan?"

Abba ya fito a guje ya ɗafe wuyansa yana dariya. Ado na tsugune a tsakar gida yana wanke tukunya. Bai taɓa sanin yaron yana da irin wannan dariyar ba.

Tun daga ranar, aski Baffa Anas, takalmi Baffa Anas, hira bayan shan ruwa Baffa Anas. Inna ta ce, "Ka ga Allah ya kawo maka sauƙi." Ado ya ce haka ne. Amma a rumfa, yana goga sabulu yana tambayar kansa: wa ya yi wannan rabon? Shi ya ɗauki zazzaɓi da jarabawa da yagaggen wando, wani kuma ya zo ya ɗauki dariya. Hassada yake yi da azumi a bakinsa, ko kuwa haƙƙinsa yake nema? In haƙƙinsa ne, wa ya ƙwace, tunda da hannunsa ya ajiye?

Tun kafin azumi yake ɗinka wata ƙaramar hula a ɓoye, shuɗiya mai zaren ruwan toka. Da tsohuwar hular yaron ya yi awo, don ba zai iya dafa kansa ya gwada ba.

Ana saura kwana biyu Anas ya shigo rumfa da sabuwar hula a leda, 'yar Kurmi, mai tsada.

"Yaya, a wanke mana wannan a buga ta tsaya. Da ita Babana zai je Idi. Na ce masa gaban mota nasa ne."

"Da ƙafa muke zuwa," in ji Ado.

"Haba Yaya, a wannan ranar? Ka bar shi ya ɗana."

Da Anas ya fita, Ado ya jiƙa hular, ya sa mata sitati. A gabansa akwai katakan da ake ɗora hula a kai ta bushe, manya da ƙanana. Ya ɗauki ƙarami, ya juya shi a hannu, ya ajiye. Ya jawo na manya, ya cusa hular da ƙarfi har ya ji zare yana ƙara. Ya kai ta rana ya zauna yana kallonta, yana sane sarai da abin da ya yi.

Safiyar Sallah gida ya cika da ƙanshin tuwo da turare. Abba ya fito cikin sabuwar shadda, Anas ya ɗora masa hular. Ta zarce ta rufe masa kunnuwa da gira. Bahijja ta kwashe da dariya.

"Yaya Abba ya kifa tukunya!"

Idon yaron ya kawo ruwa. Anas ya cire hular, ya sa yatsu ya zagaya bakinta, sannan ya ɗago ya dubi wansa.

Ado ya shiga ɗaki ya fito da shuɗiyar. Taku kaɗan ne tsakaninsa da yaron. Amma Inna na zaune a kan tabarma tana kallo, ga matan maƙwabta sun shigo gaisuwa. Sai ya juya ya miƙa wa Anas.

"Gwada masa wannan."

Anas ya rage murya. "Yaya, kai ka sa masa mana."

"Gwada masa, na ce."

Ta zauna daidai, kamar a kansa aka ɗinka ta. Abba ya shafa, ya leƙa gilashin taga, fuskarsa ta washe.

"Baffa, ashe biyu ka sayo! Wannan ta fi kyau. Na gode, Baffa!"

Anas ya buɗe baki zai yi magana. Ado ya girgiza masa kai.

"Allah ya yi maka albarka, Anas," in ji Inna. "Ka iya zaɓe."

Yaron ya kama hannun baffansa yana jansa zuwa bakin lungu, ko waiwaye bai yi ba. Ado ya tsaya a ƙofar zaure har ya ji an rufe ƙofar mota, ya ji ta tashi. Bahijja ta zo ta riƙe gefen rigarsa da hannunta mai lalle.

"Baba, mu da ƙafa za mu?"

"Da ƙafa," ya ce. "Ɗauko takalminki."