Sifana a Gaban Manya

"Na ja shi, Mahaman, wallahi na ja shi. Komawa yake yi."

"Komawa ina?"

"Sama mana! Ina sakin maus ɗin sai ya yi tsalle ya koma, kamar an ɗaura masa roba."

Rafia ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannu ɗaya a kan maus, ɗayan riƙe da ludayin da ta manta ba ta bari a kicin ba. Safiyar ƙaramar Sallah ce. Baba da Mma sun tafi Idi sun bar ta da tukunyar waakye, shinkafa da wake irin na gida, a kan wuta, ta leƙo falo ne kawai don ta goge tebur ta gwada kyamara, sai idonta ya faɗa kan abin da ya tsinka mata zuciya.

Bara ne, da yanar ido ta raba mahaifinta, Alhaji Kadri, da tuƙin tasi, wani abokinsa na masallacin Harlem ya kawo masa Mahaman, wani saurayi ɗan Nijar mai kula da kwamfutoci a wani ofishin jakadanci a Manhattan. Mahaman ya tayar da tsohuwar kwamfutar gidan, ya shirya mata launcher: dogon layi a gefen allo, da manyan hotuna a jere daga sama zuwa ƙasa, kowane hoto ka danna shi sai ya kira mai shi ta bidiyo. Baba da kansa ya zauna a gefe ya faɗi yadda za a jera. Yayansa, Baba Sheriff na Kumasi, shi ne a sama. Sai Gwaggo Hamdatu ta Nima. Sai ƙaninsu Baba Aziz na Tamale, sai sauran, kowa a matsayinsa na haihuwa. Baba ba ya ganin fuskokin sosai, wuri ya haddace. Ran Sallah kuwa yakan zauna da babbar rigarsa ya fara daga sama ya gangaro, kuma bai taɓa gaida ƙarami kafin babba ba.

Can ƙasa, bayan kowa, Mahaman ya sa nasa, don idan wani abu ya lalace a neme shi. Kunya ta hana shi sa fuskarsa, sai ya sa hoton sifana.

Karon farko da Rafia ta danna sifanar, sauti ne ya ɗauke da gaske. Karo na biyu, to, kyamarar ta ɗan yi duhu. Daga nan kuma babu abin da ya ƙara lalacewa, amma kullum ta dawo daga aikin kula da tsofaffi, Baba yana masallaci, sai ta ga hannunta ya kai can. A wayarta ma za su iya magana, amma a babban allon nan ne take ganin yadda yake sunkuyar da kai idan ya yi dariya.

Yanzu ga sifanar nan a sama, ta yi ɗare-ɗare a wurin Baba Sheriff. Shi kuwa Baba Sheriff, da hularsa da furfurarsa, ya gangara can ƙasa, ƙarƙashin 'ya'yan ƙannensa.

"Mi kika taɓa?" in ji Mahaman. Iska tana kaɗawa a bayan muryarsa. Ya yi Idin farko a unguwarsu, St. George, can tsallaken ruwa, yana cikin jirgin ruwa zai tsallaka ya je gaida kawunsa a Harlem.

"Ni ban taɓa komai ba. Shekaranjiya kwamfutar ta ce in yi update, na yi."

"Voilà. Sabon ya zo da nasa tsarin. Wanda aka fi dannawa shi yake kaiwa sama."

Rafia ta dubi sifanar. Ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi.

"Rafia? Kina nan?"

"Ei, wato kwamfutar ma gulma take yi."

Ya fashe da dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Tana ganin abin a idonta: Baba ya zauna, ya gyara hula, ya kai maus can sama ya danna, ya buɗe baki zai ce Yaya barka da Sallah, sai ga Mahaman. Ko da Baba bai gane fuskar ba zai gane muryar, kuma Mahaman ya daɗe da daina amsa wannan kiran da sallama irin ta masu gyara. Baba ba mai faɗa ba ne. Shiru zai yi, ya tambayi dalilin da ya sa mai gyara ya hau kan yayansa, kuma duk wanda ya yi masa bayanin yadda na'urar ke jerawa ya gama faɗa masa komai. A ji irin wannan magana daga bakin na'ura, a gaban baƙin Sallah, ba daga bakin manya ba! Mutumin da ya buɗe wa yaro ƙofar gidansa.

"Daina dariya. Sun kusa dawowa."

"Pardon, pardon. Sa maus a kan layin, inda babu hoto, ki danna na dama. Mi ya fito?"

"Abubuwa uku. Settings, About, da..."

"Na farkon. Ki shiga, ki nemi inda..."

Muryar ta kakkarye, ta zama kamar ana magana a cikin bokiti, ta ɗauke ɗif. Jirgin ya kai tsakiyar ruwa.

Rafia ta kira. Ba ta shiga ba. Ta sake kira. Ta tashi ta leƙa taga: titin unguwarsu ta Morrisania ya fara cika da fararen riguna da shaddodi, yara suna tsalle a gaban shagon maƙwabcinsu Kwasi, wata mata tana gyara wa ɗanta hula yana fizgewa. Mutanen Idin farko ne ko na biyu? Ta koma ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Ta ce a ranta ai ba wani abu ba ne, ita ma ta yi makaranta. Ta danna na dama, maus ya zame ya faɗa kan na ukun.

Layin ya ɓace gaba ɗaya. Babu sifana, babu Baba Sheriff, babu kowa. Allo fayau, sai hoton Ka'aba da Baba ya sa aka ɗora masa a baya.

"Innalillahi," ta ce da ƙarfi, ita kaɗai a falo.

Sai ƙauri ya iso hancinta. Ta ruga kicin, ta sauke tukunyar, ta ƙona yatsa, ta sa shi a baki, ta juye na saman a wata tukunya tana addu'a kada ƙaurin ya kama. Wayar ta yi ƙara a falo. Ta rugo.

"Rezo ne ya tafi, babu sabis a tsakiyar ruwa," in ji Mahaman. "Mun kusa gaɓa. Ina muka tsaya?"

"Na kashe su duka."

"Kin kashe wa?"

"Dangina! Layin ya tafi, babu kowa!"

"A'a, rufe shi kawai kika yi, ba su je ko'ina ba. Kwantar da hankalinki. Danna Alt da F2 tare. Ƙaramin akwati ya fito? Rubuta sunan launcher ɗin, wanda na manna miki a bayan kwamfutar."

Ta leƙa baya, ta karanta, ta rubuta da yatsa ɗaya. Layin ya dawo, yana zamowa daga gefe a hankali kamar mai jin kunya. Sifana tana nan a sama.

Suka shiga settings. Nan kuma wata wahalar: tasa kwamfutar da Faransanci take, ita tata da Turanci, sai ya koma kwatance. Shafi na biyu. A'a, ba mai launuka ba, na kusa da shi. Ki gangara. Akwai wani wuri mai zaɓi biyu? Ta karanta masa, ya ce ba shi ba. Ta karanta wani, ya ce wannan na girman hotuna ne, kada ta taɓa, Alhaji ba zai gani ba in sun ƙanƙance. A bayansa ana sanarwa da lasifika, mutane suna turereniyar sauka. Ita kuma kunnenta ɗaya yana kan matakala.

"Ga wani. Most used, da manual."

"Shi ne! Manual. Danna, ki rufe."

Ta danna. Babu abin da ya motsa.

"Bai gyaru ba!"

"Ba zai gyara kansa ba, ya dai daina gardama. Yanzu ja su da hannu."

Ta kama Baba Sheriff ta ja shi sama, ta saki, ta riƙe numfashi. Ya zauna. Ta ce masa a hankali, "Yi haƙuri, Baba." Ta kawo Gwaggo Hamdatu, ta kawo Baba Aziz, ta tsaya tana tuna wa ya girmi wa tsakanin 'yan Accra biyu. Sifana tana ta gangarowa mataki-mataki har ta rage ita kaɗai ba a ba ta wuri ba.

"Saura kai," ta ce.

"Ni kam..." Ta ji hayaniyar tasha ta kewaye shi. "Ko ki goge ni kawai. Danna na dama a kaina, akwai remove. Ya fi kwanciyar hankali. Wani update ɗin zai iya maido da abin, kin gani. Sai mu riƙa yi ta waya, kafin in samu lokacin da ya dace in yi wa kawu magana."

Rafia ta sa maus a kan sifanar. Ta danna na dama. Kalmar tana nan, ƙarama, tana jira.

Lokacin da ya dace. Da azumi ya ce bayan Sallah. Kafin azumi ya ce sai an sabunta masa kwantiragin aiki. Ba ƙarya yake yi ba, ta sani, tsoro ne irin na mai mutunci, kuma ita ma da nata. Amma yau ta ƙona yatsa, ta kusa ƙona abincin Sallah, ta yi ta zarya tsakanin taga da tebur kamar ɓarauniya a gidan ubanta, duk don ta ɓoye abin da ba laifi ba ne. Gobe ma haka za ta yi? Ta ji wani abu ya taso mata a ƙirji, rabi haushi, rabi so.

Ƙofar ƙasa ta buga. Muryar Mma ta hauro matakala tana yi wa wata maƙwabciya barka da Sallah, sandar Baba tana ƙwanƙwasa mataki ɗaya bayan ɗaya.

Rafia ta rufe ƙaramin akwatin. Ta ja sifanar ta ajiye ta a ƙasa, bayan kowa.

"Kin goge?" in ji Mahaman.

"Ban goge ba, kuma ba zan goge ba." Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafinta. "Kai dai ka san abin da za ka faɗa wa kawunka idan ka isa Harlem. Ni yau ɗin nan, kafin baƙi su watse, zan ja Mma kicin in faɗa mata."