Bishiyar da Ke Tare Matattu

"A'a, Yallaɓai, ba ka ji ni da kyau ba. Ban ce makullin ya ɓace ba. Cewa na yi yana cikin aljihuna, kuma yana jin daɗin wurin."

Saimi Hartikainen ta ajiye kan wayar a tebur, ta bar mai kamfanin katako yana ta zuba daga ofishinsa, ta je ta sauke tukunyar gahawa kafin ta tafaso ta zube. Da ta dawo ta ɗauka, bai ma san ta tashi ba.

"Lauya? Turo shi. Ka ce masa ya sa takalmin roba, hanyar tamu ta kusa yin laushi."

Ta kife wayar.

Ga abin da ya haɗa su. Duk tsawon hunturu injinan kamfanin suna sara a dajin da ke bayan fadamar Saimi, har gumagumai suka taru tsibi-tsibi, kowane tsibi ya fi rufin coci tsawo. Hanyar fito da su guda ce tak, ta tsakiyar fadamarta, ita ma sai lokacin da ƙasa ta daskare take ɗaukar tirela. Da zarar ƙanƙara ta narke, ko kare ya bi ta wurin sai ya nutse har wuya. Itacen da ya yi bazara a jibge kuwa, tsutsa ta shige shi ya yi shuɗi-shuɗi, ba mai saye sai masu hura wuta. Shekara da shekaru Saimi tana buɗe musu ƙarfen da ya tare bakin hanyar ba tare da ta ce uffan ba, su kuma su aiko mata da ƙullin gahawa ranar Kirsimeti, mai arhar ma.

Bana ne ta fita da sandunanta biyu ta bi tsohuwar hanyar coci, sai ta tarar an zagaye ragowar dajin da jan ƙyalle, alamar sara. A tsakiyar jan ƙyallen kuwa ga karsikkon gidansu tsaye, wato bishiyar matattunsu.

Tsohuwar bishiya ce, mutum biyu ba sa rungume ta, an sassare mata rassan ƙasa tun zamanin kakan kakan mijinta. Duk wanda ya mutu a gidan Hartikainen, in an dawo daga binne shi, sai a tsaya nan a ɓare ɓawo, a sassaƙa haruffan sunansa da shekararsa. In mamaci ya taso daga maƙabarta yana marmarin gida, sai ya iso nan ya ga sunansa, ya tuna ashe ya mutu, ya juya. Mutum goma sha ɗaya ne a jikinta, na ƙarshe Viljo, mijin Saimi. Fasto ya sha cewa camfi ne. Amma shi ma in ya zo wucewa yakan cire hula, wai kansa ke ƙaiƙayi.

Filin ba nata ba ne. Wan mijinta Toivo ya sayar wa kamfanin tun tuni, ya sayi mota, motar ta riga shi mutuwa. Don haka Saimi ba ta yi kuka ba, ba ta je wurin kowa ba. Ta dawo gida ta ciro kwaɗon rumbu ta datse a ƙarfen hanya.

Ba a yi awa biyu da kife wayar ba sai ga Jorma Tiihonen, shugaban aikin daji na kamfanin, ƙato mai furfura a gemu, yana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmansa a bakin ƙofa.

"Sannu da gida, Inna Saimi."

"Ɗan Kerttu ne? An aiko ka ke nan. Zauna ka sha gahawa."

"A'a, kada ki wahala saboda ni."

"Zauna."

"Yanzu na sha, Inna."

"Ka sha ruwan wanke tukunya dai a ofishinku. Zauna."

A ta uku ya zauna, kamar yadda uwarsa Kerttu ta koya masa. Tireloli shida na jira a bakin titi, amma ba ɗan mutunci da zai kawo maganar da ta kawo shi kafin a cika masa kofi na biyu. Saimi ta san haka. Ta yanka burodi a hankali, ta shafa man shanu har gefe-gefe, ta ɗora ƙwayar sukari a haƙori tana tsotsar gahawarta daga faranti. Ta tambayi ƙafar matarsa, ta tambayi rufin saunarsu, ɗakin wankan tururi, ta tambayi karen da ya mutu tun bara. Jorma yana satar kallon agogo yana amsawa.

Da aka zuba na biyu ya yi ajiyar zuciya.

"Inna, Yallaɓai ya ce a bar miki bishiyar. Da hannuna zan ɗaura mata shuɗin ƙyalle yau ɗin nan. Ba injin da zai matsa kusa da ita. Ya ba da kalmarsa."

"Ya ba da kalmarsa. To madalla. A ina zan ajiye ta, cikin firji?"

"Haba Inna."

"Ɗan Kerttu, ina taku bishiyar? Ta gidan Tiihonen, wadda ke kan tudun bakin tafki?"

Jorma ya dubi cikin kofinsa. Saimi ta ci gaba.

"Ai ita ma shuɗin ƙyalle aka ɗaura mata, ina tsaye. Wancan yallaɓan ya ba da kalmarsa, ya yi ritaya ya tafi da abarsa. Iska ta yage ƙyallen a hunturu na biyu. Aka kawo direba daga wata jiha, bai san kowa ba, yana kallon taswira a gilashin injinsa, taswirar ta ce sara. Ya sare. Yanzu kakanka yana can wata ƙasa, an yi ƙofar banɗaki da shi."

"Ba ni ke shugabanci ba lokacin."

"Na sani. Shi ya sa na ba ka burodi."

Jorma ya ce, "To me kike so?"

"Hatimi."

Ya ajiye kofin. "Wa ya gaya miki zancen hatimi?"

Wata mata ce ta zo zauren ƙauye shekara biyu da suka wuce ta yi bayaninsa. Saimi ta je ne don an ce za a raba kek, amma ta tafi da kunnuwanta. Karatu dai ya wuce ta, aji biyu ta yi aka mayar da ita tatsar shanu, sai dai abin da ya shiga kunnenta ba ya fita. Kamfanin da ya karɓi hatimin nan na kula da daji dole ya bar tsofaffin itatuwa tsaye, ya bar matattun itatuwa don tsuntsaye, kada ya sare har bakin rafi, wuraren kakanni kuma a sa su cikin taswirar nan da direba ke kallo. Abin da ya fi burge ta, kowace shekara baƙo zai zo ya zagaya da ƙafarsa ya duba, wanda bai ci bai sha da kamfanin ba. In ya ga ɓarna ya ƙwace hatimin, masu saye na ƙetare su rufe ƙofa.

"Ƙyalle na tsoron iska," in ji ta. "Ni wanda ubangidanka ke tsoro nake nema."

Jorma ya shafa gemu. "In gaya miki gaskiya, masu sayen katakonmu sun tambaye shi sau uku. Takardun suna cikin durowarsa tun kaka. Ya ce ba zai ciyar da tsuntsaye da itacen kamfani ba, kuma ba wani ɗan birni mai allo a hannu da zai koya masa daji."

"Shi da ya san daji ta tagar mota. Tashi ka raka ni."

Suka bi tsohuwar hanyar coci, tana gaba da sandunanta, yana baya yana nutsewa har gwiwa. A gindin bishiyar ta tsaya ta nuna da sanda. Ƙasa da sunan Viljo akwai sabon sassaƙa, fari fat, ƙaro na tsattsafowa daga gefensa: haruffa biyu a karkace, shekarar haihuwa, ɗan layi, sai fili.

"Inna! Ai ba a sa mai rai."

"Wa zai sa ni in na mutu? 'Yata tana birni, ko wuƙar burodi ba ta iya wasawa ba. Na kwaikwayi haruffan daga jikin akwatin wasiƙuna. Lamba huɗu suka rage, kai za ka cika su, hannunka ya fi nawa."

Jorma ya cire hula. Shi bai ce kansa ke ƙaiƙayi ba. Ya daɗe yana kallon sunayen, sannan ya juya ya koma wurin tirelolin ya ce wa direbobi su kashe inji su tafi gida.

Kwana biyu waya ba ta yi ƙara ba. A na uku wasiƙar lauya ta iso, Saimi ta ga takardar mai kauri ce, ta sa ta ƙarƙashin ƙafar tebur da ke rawa. Kowa a ƙauyen ya san kotu za ta iya ba kamfani hanya, kowa kuma ya san kotu ba ta zama kafin tsuntsayen bazara su dawo. Aka aiko wani da almakashin ƙarfe ya yanke kwaɗon, ya tarar da tsohuwa zaune kan kujera a tsakiyar hanya, bargo a cinya, tana saƙa safa. Ta tambaye shi ɗan gidan wane ne. Ya faɗa. Ta ce ta san kakarsa. Ya mayar da almakashinsa mota.

A rana ta biyar iska mai ɗumi ta juyo daga kudu, ƙanƙara ta fara narkewa. Kafin azahar rufin gidan Saimi ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, cikin bokitin da ke bakin ƙofa. Jorma na zaune a kicin kan kofi na biyu wayar ta yi ƙara, don haka daga bakinsa ƙauye ya ji yadda aka ƙare.

"Ina jin ka, Yallaɓai. A'a, ba na son sabon rufi, wannan ma zai kai ni." Ta saurara. "Bishiyar da kadada guda kewaye da ita, a rubuce? Wa zai zo ya duba rubutun in na kwanta? Kai?" Ta sake saurarawa, ta miƙa kan wayar wajen taga. "Ka ji wannan? Ba agogo ba ne, rufina ne. Jorma ya ce kwana shida hanyar za ta ƙara ɗaukar tirela. Ni na ce huɗu, kuma na girme shi."

Muryar da ke cikin wayar ta yi sama har Jorma yana jin kaifinta daga inda yake. Daga baya ya ce abin da mutumin ke faɗi shi ne, shekararta tamanin da huɗu, in ya ga dama ya yi asarar bana ya jira ta mutu, ya sare abinsa hankali kwance.

Saimi ta bari ya gama. Ta gyara zaman sukarin a haƙorinta. Abin da ta ce masa shi ne har yau ake maimaitawa a shagon ƙauye duk sa'ad da tirelar kamfanin ta wuce da koren hatimi a jikin katakonta.

"Jira, Yallaɓai, ai ba zan daɗe ba. Amma ka san aikin bishiyar nan tare mu take yi. Ran da ka sare ta ba abin da zai gaya mana mun mutu, mu goma sha biyu. Sabon gidanka kuma shi ne na farko a kan hanya in an fito daga maƙabarta. Viljo ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, surukata ba ta taɓa yin shiru ba tun tana da rai, ni kuwa ka ga yadda nake da sauran numfashina ma. Buɗe durowar nan ka sa hannu, ka ba Jorma ya kai da kansa. Makullin yana nan, ya fara gajiya da aljihuna."