Warin Rigar Na'ibi

Malam Zailani ne na'ibi a wani ƙaramin masallaci a Kwarbai, kuma tun da ciwon ƙafa ya kwantar da liman, shi ke jan salla. Bayan rasuwar matarsa, 'yarsa Tayyiba da ke aure a Tudun Jukun ta kawo masa injin wanki, don kada ya riƙa durƙuso gaban baho da tsufansa.

Injin ya yi masa rana. Sai dai sau da yawa akan ɗauke wuta ana tsakiyar wanki, kaya su yini a jiƙe a ciki, ƙofa a rufe. Da damina ta kankama, fararen rigunansa suka fara wani irin wari, kamar na tsumman da aka manta a bokiti. Shi bai ji ba, hancinsa ya saba.

Wata rana bayan la'asar Alhaji Nasidi, babba a cikin dattawan masallacin, ya biyo shi zaure.

"Malam, jama'a na ganin ka huta haka nan. Malam Jamilu zai riƙa shiga gaba."

"Kuskure na yi a karatu?"

"Ko kusa. Lalura ce ta girma, ba abin kunya ba ne," in ji Alhaji, idonsa na kan gindin rigar Malam.

Nan Malam ya gane. Zato ake fitsari ke zubo masa, alwalarsa ba ta tsayawa.

Da Tayyiba ta zo gaisuwa, ta shinshina rigar da ke kan igiya, ta nufi injin. Ta ɗaga robar bakin ƙofar, sai ga wani baƙin abu mai yauƙi ya lulluɓe ciki.

"Baba, ƙwayoyin cuta ne suka yi gida a nan. Omo ba ya kashe su. Duk abin da ka wanke, da su yake fitowa."

Ta dirje da ruwan zafi da bilic har hannunta ya yi ja, ta ce amma can bayan gangar injin, hannu ba ya kaiwa.

Washegari Malam ya sa rigar da ta wanke masa da hannu, ya sami Alhaji Nasidi ya kwashe labari ya gaya masa.

"Allah sarki, ashe inji ne," in ji Alhaji, da muryar da ake lallashin mara lafiya. "To, Allah ya ƙara sauƙi, Malam."

Ba wanda ya sake ta da maganar. Kafin kaka ta shigo yauƙin ya dawo, Tayyiba kuma ta haihu, ba ta samun zuwa. Malam Zailani ya koma tsayawa a ƙarshen sahu, kusa da ƙofa, in Malam Jamilu ya yi tuntuɓe a aya ma ya daina ɗaga murya ya gyara masa.