Injin Surfanin Alhaji Jibril

A shekarar 1998 Alhaji Jibril, mai shagon ɗinki a Gusau, ya sayo injin surfani mai kwamfuta a ciki. Faifan kwamfuta ake zura masa, ya karanta zane, ya zuba shi a wuyan riga. Satin da injin ya fara aiki Alhaji ya sallami Malam Haliru, wanda ya shekara ashirin yana yi masa aikin hannu. Tsohon ya tattara allurarsa ya koma Tsafe.

Bayan wata bakwai gidan faifan injin, wato inda ake zura faifan, ya mutu. Alhaji ya sayo sabo, wani mai gyaran rediyo ya ɗaura, injin ya ƙi ganinsa. Duk wanda aka tambaya sai ya ce a nemo Bara'atu, mai kula da kwamfutocin wani ofishin gwamnati. Ita kuwa ɗiyar Malam Haliru ce.

Sau biyu ana aika mata tana cewa ba ta da lokaci. Sai da shugaban ofishinsu, abokin Alhaji, ya sa baki ta zo, da hantsi, ta yi sallama a taƙaice.

"Ɗiyar Haliru, sai an haɗa ki da manya za ki zo?" in ji Alhaji.

"Ina injin?"

Ta kwance murfin baya, koren allon da ke ɗauke da kayan cikin kwamfutar ya bayyana. Fitilar sabon gidan faifan na kunne ba ta ƙiftawa. Ta kashe wuta, ta bi wayar nan mai faɗi da yatsa.

"An juya wayar. Jan layin nan gefen lamba ɗaya yake zama. Faifai nawa kuka zura tun da aka ɗaura?"

"Duk wanda ya ƙi mu gwada wani. Mi ya faru?"

"Nawa, Alhaji?"

"Goma sha ɗaya."

"To sun tafi. In waya na juye, duk faifan da ya shiga lalacewa yake yi."

Alhaji ya miƙe tsaye. "Ƙarya ne. So kike ki rama wa ubanki."

"Da ramuwa na zo, da na bar ka ka zura na sha biyun." Ta nuna faifai ɗaya da ya rage a kan tebur.

Telolin shagon suka tsayar da kekunansu. Alhaji ya daka musu tsawa, ƙafafu suka koma aiki.

Bara'atu ta zare wayar ta mayar daidai, ta kunna. Fitilar ta mutu, amma har yanzu injin bai ga gidan faifan ba. Alhaji ya yi dariya.

"Ashe ilimin iyakarsa baki."

Bara'atu ta sake kashe wuta. Ta ciro gidan faifan, ta kifa shi a tafin hannu. A bayansa akwai wata 'yar hular roba, ba ta kai ƙwayar masara ba, a kan haƙora biyu na ƙarfe. Ta san gidajen faifan kwamfutar ofis a matsayi na biyu ake saita su da wannan hular, injin kuwa na farko kawai yake kira. Ta sa matsefata ta cire hular, ta matsar da ita gaba ɗaya. Sai da ta gwada sau biyu kafin hular ta zauna.

Ta haɗa komai, ta zura faifan da ya rage. Gidan ya yi gurnani, zanen ya fito a gilashin injin. Allura ta hau sassarfa a kan ƙyallen gwaji.

"Sauran fa? Ki dawo min da su," in ji Alhaji.

"Ba su dawowa. Ka aika inda ka sayo injin, ko ana dacewa."

"Wanda ya sayar min ya bar ƙasar."

"Wannan kuma ba aikina ba ne."

Ta goge hannu, ta gyara mayafi. Har ta kai ƙofa ya ce kada ta sake taka masa shago. Ta ce dama ba ta da niyya.

Zanen da ya tsira na wata fulawa ce mai ganye biyar. Wata huɗu duk rigar da ta fito daga shagon ita ce a wuyanta, har masu kawo ɗinki daga Bunguɗu suka fara mayar da yadinsu wani wuri. Bara'atu takan hango fulawar a wuyan ma'aikatan ofishinsu, ta amsa gaisuwarsu ta wuce.