Wayar Tsaron Gida

Hamida ce da kanta ta kore shi daga asibiti. Kwana tara Manzo ya yi a kan tabarma a bakin ɗakin da aka kwantar da ita a Damagaram. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi da ƙyar yake fita, shi kuwa ba abin da yake tsinanawa sai jan carbi da tare wa masu jinya hanya. A rana ta tara ta dube shi ta ce:

"Malam, gero ya bushe a gona. Zamanka a nan ba zai sauke min kumburi ba, tsuntsaye kuma ba su san kana jinya ba. Ka tafi, ga Nafissa nan, ga ɗan'uwana Idrisa."

Nafissa, autarsu, ita ta rako shi bakin ƙofa. A tsaye suka ƙulla magana. In jiki ya juya za ta kira shi, ya hau kabu-kabu daga ƙauye zuwa Magaria, daga nan ya shiga mota. Wanda ya taso da hantsi, kafin la'asar yana gefen gadon.

"Kar dai ka bar wayar nan ta mutu, Baba," in ji ta.

Ta faɗi abin da yake tsoro ke nan. Wayar Manzo 'yar ƙarama ce mai shafawa, tafin hannu ya rufe ta. Shekara huɗu tana aljihunsa, har batirinta ya kumbura ya ɗaga murfin baya, aka ɗaure da roba. In an bar ta a kunne, kwana ɗaya da yini ta gama nata. Garin Maina kuwa, inda yake zaune, gida huɗu ne a tsakiyar gonaki, ba wuta ba dalilinta. Caji sai ranar kasuwar Yekuwa. Mutanen garin sun saba kashe wayoyinsu, su kunna safe da yamma su ji ko duniya ta neme su. Mai mata a gadon asibiti ba shi da wannan damar.

Shi ya sa da ya sauka a Magaria ya zarce rumfar Mas'udu, ɗan ƙanensa, mai sayar da wayoyi a bakin tasha. Mas'udu ya yi masa sannu, ya tambayi mai jiki, ya aika aka kawo shayi. Da ya ga tsohuwar wayar sai ya kama baki.

"Baba, ai wannan ita ma a kwantar da ita ya kamata."

Ya ciro wata sabuwa daga kwali. Ta ɗan ɗara tsohuwar tsawo, amma tana shiga aljihun taguwa. Ya juya kwalin yana karanta lambobi, ya ce batirin wannan ya ninka na waccan, kwana biyar tana kunne ba ta ce uffan ba.

Manzo dai ba a sayar masa da abu da baki. Mutum ne da ko irin wake aka kawo masa, sai ya shuka kunya biyu gefe da gefe ya ga wadda ta fi kafin ya yarda. Ya ce gani ya kori ji. A cika su duka biyun, a ajiye su wuri ɗaya, kar kowa ya taɓa, a ga wadda za ta fara sarewa.

Mas'udu ya yi dariya ya ce an gama. Suka cika su taf, suka jera su a kan kanta. Manzo ya kwana a gidan ɗan nasa, washegari ya dawo ya ja kujera ya zauna gabansu kamar mai gadin tukunya. Masu wucewa har tambaya suke ko wani abu ake nunawa. Da azahar ta yi, sandar batirin tsohuwar ta koma ja, saura ƙiris. Ta sabuwar kuwa ko gezau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

"To, Baba?"

"Na gani," in ji Manzo.

Bai gani ba, kuma a nan ne abin yake ba ni haushi. Layin waya ɗaya gare shi, kuma saboda jiran kiran Nafissa, a cikin tsohuwar aka bar shi. Ita ta kwana tana riƙe da rezo, wato sabis ɗin waya, ta karɓi kira uku da saƙon murya biyu. Sabuwar ba komai a cikinta, kwance kawai take tana hutawa. Mutumin da ba zai sayi sa ba sai ya gan shi da garma a wuya, shi ne ya gwada jaki mai kaya da jaki marar kaya, ya yanke hukunci. Mas'udu ma ba ha'inci ya yi ba. Duk zamansa a gindin eriyar waya yake, bai taɓa kwana inda waya ke wahalar neman rezo ba.

Manzo ya ba da tsohuwar, ya yi ciko. Mas'udu ya sake cika sabuwar, ya mayar da layin a ciki. Don kyautatawa ma ya ƙara masa na biyu, na tsallaken iyaka, ya ce ai garinsu kusa yake, in wannan ya ƙi wancan ya kama. Manzo ya sa masa albarka har sau uku.

Da yamma ya isa Garin Maina. Kafin ya wanke ƙafa gari ya taru a ƙofar gidansa, ana tambayar jikin Hamida, ana kuma satar kallon aljihunsa. Yalwa, matar marigayi wansa, wadda tun yana saurayi ba ta raga masa, ita ta fara.

"Yo mu mun ce jinya ka tafi, ashe kasuwa ka ci. Fito da amaryar mu gani."

Ya fito da ita. Aka yi ta juya ta daga hannu zuwa hannu, Sidi mai amalanke ya ɗauki hoton shanunsa, Yalwa ta sa aka ɗauke ta sau biyu don ta ce na farko ya tsufar da ita. Manzo ya ba su labarin gwajin da ya yi, bai rage komai ba. Kwana biyar, ya ce, da idona na gani. Ran nan ne kaɗai ya yi dariya tun da aka kwantar da matarsa.

Washegari ya shiga yankan gero. A gefen gonarsa akwai tudu da wata aduwa, nan ne kawai rezo ke ɗan tsayawa. Ya rataye taguwarsa a reshe, wayar tana aljihu, ya ƙure ƙararta. Yana yanka yana kasa kunne. Da la'asar ta yi ƙara, ya jefar da zangarniyar da ke hannunsa ya ruga. Nafissa ce. Ta ce jiki da sauƙi-sauƙi, ta sha kunu, ga ta ma. Muryar Hamida ta fito a hankali.

"Dami nawa?"

"Shida."

"Shida kacal? Lallai tsufa ya zo."

Abin da suka ce ke nan, rezo ya ɗauke. Ya daɗe tsaye a gindin aduwar da wayar manne a kunnensa.

Ranar da ta biyo baya ita ce kasuwar Yekuwa. Garin Maina suna da tsarinsu tun da waya ta shigo musu. Da sassafe Yalwa takan bi gida-gida da jakar buhu ta tattara wayoyi, Sidi ya kai su wurin mai caji, a kashe su a jona su a farantin sola, da yamma a dawo da su. Amma ba a taɓa kwashe su duka. Dole a bar guda ɗaya, wadda ta fi sauran caji, ita ake kira wayar tsaron gida. Duk ɗan garin da ke nesa yana da lambobin gidajen huɗu, in ya kira wannan bai samu ba ya kira waccan.

Yalwa ta tsaya a ƙofarsa da jakarta. Manzo ya duba sandar batirinsa, gabansa ya ɗan faɗi. Saura kamar rubu'i. Layuka biyu sun kwana biyu suna lalube, wannan yana neman eriyar Magaria, wancan yana neman ta tsallake, waya ta yi ɗumi kamar ƙwai a ƙarƙashin kaza. Shi bai san wannan ba. Ya ɗora laifin a kan 'yan kallo da hotunan shanun Sidi. Ya yi lissafinsa na manomi: rubu'in kwana biyar ya fi yini ɗaya, yau kuma ba mai taɓa ta.

"Wa ke tsaron gida yau?" in ji Yalwa. "Tawa da ɗan saura. In bar ta, ka ba da amaryarka a cika?"

"In kin bar ta yau, mako guda za ki yi ba waya, ga ɗanki a Agadas yana nemanki. Tafi da ita."

"To a bar su biyu mana. Kai fa ke da mara lafiya."

Da ta tsaya a nan, wataƙila da ya yarda. Sai ta ƙara da cewa, "Ko kwana biyar ɗin sun ƙare a biyu?"

"Ke dai tafi," in ji Manzo. "Tawa ta kai gobe ma."

Ta jefa tata a jaka. Amalanke ya tashi da buhunan wake da mata uku da wayoyin gari.

Manzo ya rataye taguwa a aduwa, ya sunkuya. Gero ya yi kyau bana, zangarniya cike, irin shekarar da Hamida kan ce a gyara rumbu tun da wuri. Ya yi ta yanka yana tarawa. Hantsi ya wuce ba ƙara. Azahar ta yi, ya yi taimama ya yi salla a gefen kunya, ba ƙara. Ya ji daɗin shirun nan har ransa, ya ce a zuciyarsa ai da jiki ya motsa da yarinyar nan ta kira. Sau biyu ya yi niyyar zuwa ya duba, ya fasa, don Mas'udu ya ce kunna fuskar ne ke shan batir. Ya ɗaure dami tara, yana jin daɗin zai gaya mata tara.

Da inuwar aduwa ta miƙe gabas ya je ya ciro wayar don ya kira su da kansa. Ya shafa, baƙi ƙirin. Ya danna gefe, ya danna ya riƙe, ya goge ta da bakin riga, ya sake dannawa. Ta yi sanyi, ba a san ma tun yaushe ba.

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. A duk faɗin garin nan ba wata waya, kuma shi ya sa aka kwashe su. Ya bar damunan a warwatse, ko taguwar bai tsaya sawa ba, ya saɓa ta a kafaɗa ya kama hanyar Yekuwa da ƙafa. Rairayi yana cin sawunsa. Yana tafe yana gaya wa kansa jiya ta sha kunu, jiya har tsiya ta yi masa, yini ɗaya ba komai ba ne.

Rana ta yi ja lokacin da ya hango amalanken a kan wani tudu, shanu suna tafe a gajiye. Sidi ya ja igiya da ya gan shi. Yalwa ta buɗe baki za ta yi tsokana, ta dubi fuskarsa, ta rufe. Ta zazzage jakar a cinyarta, ta laluba ta ciro tata, ta kunna.

Ko gama kunnuwa ba ta yi ba ta hau ƙara. Yalwa ta miƙa masa da hannu biyu.

"Nafissa?"

Can ɓangaren ana jin hayaniyar mata daga nesa. Da Nafissa ta yi magana, muryarta ta dushe, ta wanda ya gama kukansa tun ɗazu.

"Baba, tun hantsi nake kira. Taka, ta Gwaggo Yalwa, ta su Sidi, duka a kashe. Na nemi Yaya Mas'udu, an ce ya tsallaka sarin kaya."

"Ya jikin?"

"Inna ta cika da azahar. Kawu Idrisa ya ce ba a ajiye gawa a zafin nan. An kai ta bayan la'asar."

Matan da ke kan amalanke suka ɗauki salati. Manzo bai ji su ba. Ya dafa ƙafar amalanken ya zauna a rairayi.

"Ta yi magana?"

"Tun safe take tambayarka. Na rasa abin da zan ce mata, Baba, sai na ce mun yi waya, kana hanya. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta ɗaga kai." Nafissa ta ja numfashi. "Da aka kawo mata fura ta ƙi sha. Ta ce in rufe in ajiye maka, za ka iso da ƙishi."